Shinkafar Kebbi: Yadda masu jari suka tashi, da abubuwan da ke karya su daga Augie zuwa Birnin Kebbi

Ranar 17 ga Nuwamba, 2015, Shugaba Muhammadu Buhari ya sauka Jihar Kebbi ya ƙaddamar da shirin bai wa manoma bashi na Babban Bankin Najeriya, wanda aka fi sani da Anchor Borrowers. Kebbi aka zaɓa ta zama zakaran gwajin dafi, kuma da shinkafa aka fara. Cikin 'yan shekaru, fadamun da ke bin gulbi daga Augie zuwa Argungu da Birnin Kebbi suka cika da ƙarar injunan ban ruwa. Ma'aikatan gwamnati da matasan da suka gama karatu ba su sami aiki ba suka shiga hayar gona, manyan attajirai kuma suka kafa masana'antun gyaran shinkafa na biliyoyin naira.

Shekara goma bayan nan, shirin bashin ya tsaya, kuɗin man fetur ya ninka sau da yawa, manoma na kukan faɗuwar farashi, masu masana'antu kuma na kukan injunansu ba sa aiki yadda aka gina su su yi. Wanda ya bi tarihin wannan sana'a zai ga cewa ribar mai jari a kwarin Rima ta fi rataya a kan ƙofofi biyu da makullinsu ba ya hannunsa: ƙofar madatsar ruwa ta Goronyo, da ƙofar da shinkafar waje ke shigowa ta cikinta.

Gulbi da fadama

Gulbin Rima yana gangarowa daga gabas, ya haɗu da gulbin Sakkwato kusa da birnin Sakkwato, sannan ruwan ya juya kudu maso yamma ya ratsa ƙasar Kabi. Ƙaramar Hukumar Augie, wadda ke cikin masarautar Argungu, tana daga cikin wuraren farko da ruwan ke taɓawa idan ya shigo jihar. Daga nan ya wuce Argungu, inda ake shagalin kamun kifi a Matan Fada tun 1934, ya bi ta gefen Birnin Kebbi, har ya je ya faɗa cikin Kwara. Duk tsawon wannan tafiya gulbin yana shimfiɗa fadama mai faɗi, wadda ruwa ke malala a kanta da damina ya bar mata laka.

Shinkafa ba baƙuwa ba ce a nan. Tun kafin a san takin zamani Kabawa ke noma irin shinkafar Afirka mai jan ƙwaya, wadda kararta ke tsawo tana bin ruwa idan yana hauhawa. Abin da ya zo sabo shi ne noman rani da yawa. Ruwan ƙasa a fadamar ba shi da nisa, saboda haka ƙaramar rijiyar burtsatse da injin ban ruwa mai shan fetur sun isa su shayar da gona tun daga shuka a cikin sanyi har girbi a bazara. Da ingantaccen iri kamar Faro 44, manomin da ya yi aikin bisa ƙa'ida kan sami amfanin da ya zarce na damina, domin a rani shi ke iko da ruwan, ba ya jiran sama.

Sai dai ikon nasa bai cika ba. A saman gulbin akwai madatsar Goronyo a Jihar Sakkwato, mai ɗaukar ruwa kimanin kubik mita miliyan 942, da kuma madatsar Bakolori a Jihar Zamfara a kan gulbin Sakkwato. Yawan ruwan da ke isowa Augie da rani, da kuma saurin da yake isowa da damina, duk suna da alaƙa da abin da aka yi a waɗannan wurare. Babban aikin ban ruwa na fadamar Zauro, kusa da Birnin Kebbi, wanda da ya kare dubban kadada daga ambaliya, an fi shekara arba'in ana maganarsa ba a kammala shi yadda aka tsara ba. Shi ya sa kowane manomi ke haƙa rijiyarsa, ya sayi injinsa, ya kuma sayi mansa.

Su wane ne masu jarin?

Idan aka ce mai jari a harkar shinkafa, hankali kan tafi kan mai babbar masana'anta. Alhali sana'ar tsani ce mai matakala da yawa, kuma kowace matakala da irin karayarta.

A ƙasa akwai manomin rani, wanda a gaskiya ɗan kasuwa ne: yana biyan hayar gona, ya sayi iri da taki da maganin feshi, ya biya masu dashe da masu yanka, ya zuba fetur wata uku zuwa huɗu, duk kafin ya ga ƙwaya ɗaya. Abin da yake fitarwa ita ce shanshera, wato shinkafar da ba a cire wa ɓawo ba, wadda a wasu wurare ake kira samfarera.

Sai mata masu gumi, waɗanda ba kasafai ake lissafa su ba idan ana jawabi a wurin taro. Mace kan sayi buhu ɗaya ko biyu na shanshera ranar kasuwa, ta jiƙa, ta turara a babbar tukunya ko rabin duro, ta shanya, ta kai wa mai ƙaramin inji ya casa, sannan ta sayar a mudu. Jarinta ƙarami ne, sau da yawa daga adashi ko sayar da akuya ya fito, kuma dole ya juya cikin mako. Matsalarta ta dindindin ita ce tsakuwa. Ana bugun shinkafa a ƙasa, ana shanya ta a ƙasa, ƙaramin injin unguwa kuma ba shi da na'urar tsince duwatsu. Uwargidan da ke birni, wadda ta saba da shinkafar Tailan da ba sai an tsince ba, ba za ta biya kuɗi ɗaya a kan biyun ba.

A sama kuma akwai manyan masana'antu. Biyu ne suka fi suna a wannan yanki. Akwai Labana a Birnin Kebbi, kamfanin da tsohon gwamnan jihar, Sanata Muhammad Adamu Aliero, ya kafa. Akwai kuma WACOT a Argungu, mallakar rukunin kamfanonin TGI, wadda Farfesa Yemi Osinbajo ya buɗe a watan Agusta 2017 lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa. A lokacin buɗe ta an bayyana cewa ta ci kimanin naira biliyan 10, kuma tana iya sarrafa tan 120,000 a shekara.

Wannan adadi na tan 120,000 ya cancanci a tsaya a kansa, domin a nan ne wahalar mai masana'anta take. Tan ɗaya buhu goma ne mai kilo 100. Ke nan masana'anta ɗaya tana buƙatar buhu miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu na shanshera kafin ta yi aikin shekara cikakke. Shanshera kuma ba kullum take samuwa da araha ba. Sau biyu take fitowa da yawa, a girbin rani da girbin kaka, don haka dole mai masana'anta ya tara kuɗi masu yawan gaske ya saye ta a ɗan lokaci ya ajiye. Daga kowane kilo 100 da ya saya, abin da zai fito gyararre bai cika wuce kilo 60 zuwa 65 ba, sauran ɓuntu ne da dusa. Ginin masana'anta da sayen injuna sau ɗaya ake yi. Kuɗin cika rumbu kuwa kowace shekara ake nemansa, kuma shi ne ke durƙusar da mutane.

Shekarun garaɓasa

Abin da ya jawo jari zuwa Kebbi ba bashin kaɗai ba ne. Gwamnatin Tarayya ta yi wa shinkafar gida shinge. A watan Yuni 2015 Babban Banki, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sa shinkafa cikin jerin kayayyaki 41 da aka hana masu shigo da su samun dala a farashin gwamnati. A 2016 Hukumar Kwastam ta hana shigo da ita ta kan iyakokin ƙasa. Wadda za ta biyo ta tashar jiragen ruwa kuma aka ɗora mata harajin da ya kai kashi 70 cikin ɗari. Daga baya, a watan Agusta 2019, aka rufe iyakokin ƙasa gaba ɗaya, ba a fara buɗe wasu ba sai Disamba 2020.

Dalilin shingen a bayyane yake. Najeriya tana cin shinkafa fiye da yadda take nomawa. Ƙiyasin Ma'aikatar Noma ta Amurka kan sa abin da ƙasar ke samarwa a kan tan miliyan 5 da ɗoriya na gyararriyar shinkafa, abin da take ci kuma ya haura tan miliyan 7. Giɓin da ke tsakani shinkafar Indiya da Tailan ke cike shi, mafi yawa ta tashar Kwatano a Jamhuriyar Benin, daga nan 'yan fasa-ƙwauri su tsallako da ita. Kebbi na da iyaka da Benin da Nijar duka, saboda haka jihar da ta fi suna wajen noman shinkafa tana kuma cikin hanyoyin da kishiyar shinkafarta ke bi.

Da shingen ya tsaya, farashi ya tashi, kuma duk wanda ke da shanshera ya ga kuɗi. Manoma sama da 70,000 aka sa cikin zagayen farko na shirin bashin a Kebbi. A 2016 Gwamna Abubakar Atiku Bagudu da takwaransa na Legas, Akinwunmi Ambode, suka ƙulla yarjejeniyar da ta haifar da Lake Rice: Kebbi ta noma ta gyara, Legas ta sayar. A watan Disamba na shekarar aka fito da ita a kan naira 12,000 buhu mai kilo 50, a lokacin da ta waje ta fi haka tsada nesa ba kusa ba, mutanen Legas suka yi ta layi. A ƙauyukan fadama kuwa aka ga sababbin babura da rufin kwano, aka yi aure, aka biya kuɗin aikin hajji da kuɗin shinkafa.

Wanda ya shiga sana'ar a waɗannan shekaru ya yi lissafinsa ne a kan abubuwa uku da ya ɗauka za su dawwama: fetur mai tallafi, bashi mai sauƙin ruwa, da rufaffiyar iyaka. Dukkansu hukuncin gwamnati ne, kuma gwamnati na iya warware su da sanarwa ɗaya. Lake Rice ma, da gwamnati ta sauya a Legas, sannu a hankali ta ɓace daga kasuwa.

Bashin da ya zama rigima

Tsarin Anchor Borrowers a takarda mai kyau ne. Manoma su haɗu cikin ƙungiya, kowa ya buɗe asusun banki. Mafi yawan bashin ba tsabar kuɗi ba ne: iri ne da taki da maganin feshi da injin ban ruwa, sai ɗan abin biyan leburori. Kuɗin ruwan kashi 9 cikin ɗari ne, a ƙasar da bankunan kasuwanci ke neman fiye da ninkin haka. Idan aka yi girbi, manomi ya kai shanshera ga kamfanin da aka haɗa shi da shi a kan farashin da aka amince, a cire bashin, a ba shi saura. Manomi ya sami jari da mai saye, masana'anta ta sami abin da za ta sarrafa.

A aikace igiyar ta tsinke a wurare da dama. An sha yin ƙorafin cewa kayan aiki na isowa a makare, bayan lokacin da taki zai yi amfani ya wuce, kuma a kan farashin da ya fi na kasuwa. An sha ƙorafin cewa sunayen mutanen da ba su taɓa riƙe fartanya ba sun shiga jerin, ta hannun 'yan siyasa. Wasu manoman sun ɗauki bashin a matsayin rabonsu na arzikin ƙasa, ko ladan ƙuri'ar da suka kaɗa. Wasu kuma sun ƙi shiga tun farko saboda gudun riba, abin da ya sa a 2020 Babban Banki ya fitar da tsarin da babu kuɗin ruwa a ciki.

Amma matsalar da ta fi taɓa mai masana'anta ta lissafi ce kawai. Idan farashin kasuwa ya zarce wanda aka yi yarjejeniya a kansa, manomi zai loda buhunansa ya kai wa dillalin da ya zo da tsabar kuɗi daga Kano ko daga kudu. Mai masana'antar da ya dogara ga alkawarin sai ya wayi gari rumbunsa wayam, dole ya shiga kasuwa ya yi gasa da kowa. Shigarsa kasuwa kuma ita ke tsawwala farashi ga mai gumi, wadda ba ta da ƙarfin ja da wanda ke saye da tirela. Yayin da masana'antu suka yi ta ƙaruwa a Kano da Jigawa da sauran jihohi, injuna suka fi shansherar da ake nomawa yawa.

A watan Janairu 2022 aka jera dalar buhunan shinkafa a Abuja, Shugaba Buhari ya je ya buɗe, aka ce shaidar nasara ce. Shekara guda bayan haka Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya ce kashi 24 cikin ɗari kaɗai na bashin aka biya. Babban Banki ya musanta, ya ce daga cikin fiye da naira tiriliyan ɗaya da aka raba a faɗin ƙasa, an biya kimanin kashi 52 na wanda lokacin biyansa ya yi. Ko da an ɗauki alƙaluman bankin, kusan rabin kuɗin bai dawo ba. An dakatar da Emefiele a watan Yuni 2023, wanda ya gaje shi kuma, Olayemi Cardoso, ya bayyana cewa bankin zai janye daga raba irin waɗannan basussuka kai tsaye. Manomin da ya biya nasa daidai ya rasa hanyar jari tare da wanda ya cinye.

Ruwa, idan ya yi yawa da idan ya yi kaɗan

A watan Satumba 2010, bayan ruwan sama mai yawa da tumbatsar Goronyo, ambaliya ta share ƙauyuka da gonaki a Sakkwato da Kebbi. A farkon 2018 aka ga akasin haka: ruwan madatsar ya ja baya har ya koma kusan kashi ɗaya cikin goma na abin da take ɗauka, a daidai lokacin da noman rani ke tsakiyar buƙatarsa.

Ta 2020 ce ta fi zama a zukata. A watannin Agusta da Satumba gulbi ya cika ya batse, ya haɗiye fadamu tun daga Augie da Argungu har zuwa kudancin jihar, ana gab da girbi. Shugaban ƙungiyar manoman shinkafa ta RIFAN a jihar a lokacin, Alhaji Muhammad Sahabi Augie, ya ƙiyasta cewa kimanin hekta 450,000 na shinkafa suka lalace. Rahotanni sun ce asarar ta kai fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na abin da ake sa ran ƙasar za ta girba a shekarar. Hanyoyi da gadoji sun karye, kuma wannan ya faru ne a shekarar da annobar korona ta riga ta daskarar da kasuwa.

Ga manomin da ya ci bashi, ambaliya asara biyu ce, domin amfani ya tafi amma bashin na nan. An sa inshora cikin tsarin shirin, sai dai abin da manoma suka fi yawan faɗa shi ne diyyar ba ta kai ga asarar, ko kuma ba ta zuwa da wuri. Ga mai masana'anta, ambaliya na nufin shanshera ta yi tsada, dole a nemo ta daga nesa a biya kuɗin mota. Ga mai gumi, tana iya nufin tukunya ta kife har wata kakar.

Wanda ya tsira daga ruwa kuma yana da jan-baki a gabansa. Waɗannan ƙananan tsuntsaye kan zo garke-garke idan shinkafa ta fara nono, su sauka a gona da safe, kafin yamma an yi asarar aikin watanni. Yara da gwangwanaye ba sa iya korar su idan sun yi yawa. Sai an yi feshi da jirgin sama a inda suke kwana, wannan kuwa aikin gwamnati ne, kuma ba koyaushe yake zuwa kafin ɓarna ba.

2023, shekarar da lissafi ya rushe

Shekarar ta fara da ƙarancin takardun kuɗi sakamakon sauya fasalin naira. Cinikin shanshera a kasuwannin ƙauye na hannu da hannu ne, da yawan masu sayarwa ba su da asusun da suke amfani da shi, wurare da dama kuma babu sabis mai ƙarfi. Wanda ke da tsaba a hannu ya sayi kaya yadda ya ga dama.

Sai ranar 29 ga Mayu, a jawabinsa na rantsuwa, Shugaba Bola Tinubu ya sanar da ƙarshen tallafin man fetur. Lita da ake saye ƙasa da naira 200 a hukumance ta koma kusan 500 cikin kwanaki, ta wuce 600 a watan Yuli, kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. Ga mai mota a birni wannan tsadar zirga-zirga ce. Ga manomin rani kuwa fetur shi ne ruwan saman gonarsa. Shinkafa na son ƙafarta a cikin ruwa, ƙasar fadama mai yashi kuma tana shanyewa da sauri, don haka inji kan yi ta aiki kwana bayan kwana. Kuɗin mai ya zama ɗaya daga cikin manyan abubuwan da ke cin jari. Wasu suka rage faɗin gona, wasu suka koma shuka abin da ba ya shan ruwa sosai, wasu suka juya injunansu su yi aiki da iskar gas ta girki. Gwamnatin Nasir Idris ta raba injuna masu aiki da hasken rana, waɗanda ke kawar da kuɗin mai, amma sayen irinsu da kuɗin aljihu ya fi ƙarfin ƙaramin manomi.

A watan Yuni aka saki naira ta nemi darajarta a kasuwa. Dala da ke kusan naira 460 a farashin gwamnati ta haura 1,500 a farkon 2024. Duk abin da ke da alaƙa da waje ya bi ta: maganin feshi, kayan gyaran inji, sinadaran haɗa taki. Buhun takin da aka sayar naira 5,500 a 2017 ƙarƙashin shirin takin shugaban ƙasa ya koma ana neman fiye da 30,000. Don yaƙi da hauhawar farashi Babban Banki ya yi ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa har ya kai kashi 27.5 a watan Nuwamba 2024. Mai masana'antar da ke cika rumbunsa da bashin banki ya koma biyan kusan kashi 30, a kan shansherar da ita ma ta ninka. A watan Afrilu 2024 aka ƙara kuɗin lantarki ga waɗanda suka fi samun wuta na tsawon sa'o'i a rana zuwa naira 225 a kan kowane ma'auni, daga ƙasa da 70, wanda kuma ya koma janareta ya tarar da dizal ya riga ya yi tashin gwauron zabo tun 2022.

Mera

A farkon Nuwamba 2024 'yan bindigar da ake kira Lakurawa suka kai hari garin Mera da ke Ƙaramar Hukumar Augie, suka kora shanu, suka kashe mutum 15 daga cikin waɗanda suka fito kare dukiyarsu. A watan Janairu 2025 Babbar Kotun Tarayya a Abuja ta ayyana ƙungiyar a matsayin ta ta'addanci. Arewacin Kebbi ya daɗe yana cikin wuraren da ake ganin sun tsira daga abin da ya sami Zamfara da gabashin Sakkwato, kuma wannan zaman lafiya na cikin abin da ya jawo jari. Noman rani aiki ne na wuni a fadama, wani lokaci har da kwana a gefen inji, dabbobin da ake sacewa kuwa su ne bankin manomi, su yake sayarwa idan zai sayi taki.

Da aka buɗe ƙofa

A 2024 buhun shinkafa mai kilo 50 ya doshi naira 100,000 a wasu kasuwanni. Yunwa ta zama batun siyasa, har ta fito da matasa kan tituna a watan Agusta. Gwamnati na da hujjar neman sauƙi ga mai saye, domin masu cin shinkafa sun fi masu nomanta yawa, kuma shekarun shingen sun sa talaka ya biya tsada. Tun a watan Oktoba 2023 Babban Banki ya ɗage haramcin ba da dala ga masu shigo da shinkafa. A watan Yuli 2024 Ministan Noma, Abubakar Kyari, ya sanar da dakatar da haraji na kwana 150 a kan wasu kayan abinci, ciki har da shinkafar da aka cire wa ɓawo amma ba a goge ba.

Ƙa'idojin da Kwastam ta fitar sun nuna wa aka buɗe wa ƙofar. Wanda zai shigo da irin wannan shinkafa sai ya kasance yana da masana'antar da ke sarrafa aƙalla tan 100 a rana, wadda ta yi shekaru tana aiki. Babban kamfani, ke nan, ya sami wata hanyar ciyar da injunansa ba tare da ya je kasuwar Augie ba. Manomi da mai gumi da mai ƙaramin inji ba su da irin wannan mafita.

A daidai wannan lokaci abubuwa suka sauya a Indiya, ƙasar da ta fi kowa fitar da shinkafa a duniya. A 2023 ta taƙaita fitarwa don kare kasuwarta, abin da ya ɗaga farashin duniya. A ƙarshen 2024 ta janye takunkumin, farashi ya yi ƙasa sosai a 2025. Shinkafar waje mai araha ta kwararo Afirka ta Yamma, ta halal da ta ɓarauniyar hanya. A kasuwannin Najeriya buhu ya sauko, mai saye ya numfasa. Farashin shanshera ya bi shi ƙasa, amma taki da mai da kuɗin lebura ba su sauko tare da shi ba. Manomin da ya shuka da tsadar 2024 ya girba ya sayar da arahar 2025. Ƙungiyar masu masana'antun shinkafa ta ƙasa ta yi ta kukan cewa masana'antu da dama sun rage aiki ko sun rufe, kuma waɗanda suka cika rumbu da shanshera mai tsada suka ga darajar kayansu na zubewa a ajiye.

Babbar masana'anta mai rukunin kamfanoni a bayanta tana iya jure shekara ɗaya ko biyu ta asara, ta rage ma'aikata, ta jira. Matashin da ya sayar da fili ko ya ci bashin ɗan'uwa ya kafa ƙaramin inji a bakin kasuwa ba shi da wannan numfashi. Manomin Augie kuwa a watan Disamba yake yanke shawara, lokacin da ruwa ya janye daga fadama aka fara gyaran gona. A lokacin ne zai ƙidaya kadada nawa zai iya shayarwa da kuɗin da ke hannunsa, alhali farashin da zai sayar ba zai bayyana ba sai watan Afrilu ko Mayu.